Takardar da Na Rubuta da Hannuna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, dattijonmu Dakta Obadiah, wanda ya riga mu duka zuwa ƙasar nan, kuma har yau babu ɓangaren da ya iya janye shi. Alhaji Jamaldeen, jagoran 'yan'uwanmu da suka zauna ta damana. Injiniya Affan, jagoran 'yan'uwanmu da suka zauna ta haguna. Hajiya Rashidatu, uwar ƙungiya kuma shugabar matanmu. Malam Muniru da jama'ar Zango ta Tottenham, masu masaukinmu. Malamai da fastoci, likitoci da ma'aikatan jinya, direbobi da 'yan kasuwa, ɗalibanmu maza da mata. Da 'ya'yanmu na can baya, masu jin duk abin da muke faɗa ko da za su amsa mana da Turanci. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Lawal Isiyaku. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan jiharmu mazauna Birtaniya, shekara goma sha ɗaya ke nan, ko da yake a 'yan makonnin nan ban san ko sakataren ƙungiya nake ba ko na rabinta.

Ina gode wa duk wanda ya baro aikinsa ranar Asabar, ya hau bas ko jirgin ƙasa ya zo. Ina gode wa iyayenmu mata da suka tashi tun da safe suka cika kulolin can da ƙamshinsu ke hana mutane sauraro. Amma godiyata ta musamman ga Malam Muniru take, domin shi ne ya haɗa mu a ɗaki ɗaya, ba hankalinmu ba. Ɓangarorinmu biyu kowanne ya je a ɓoye ya nemi wannan zaure, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Malam Muniru ya kira ni ya ce, “Lawal, ku mutanen Najeriya wane irin mutane ne? Ƙungiya ɗaya, booking biyu. Ku zo tare, in ba haka ba in yi cancel duka.” Bawan Allah daga Kumasi ya yi mana a minti biyu abin da kwamitocin sulhu uku suka kasa yi. Allah Ya saka masa da alheri.

An ba ni minti goma in karanta rahoton shekara. Ranka ya daɗe shugaban taro, ina neman afuwa, ba zan karanta shi ba. Ga shi nan a kan tebur, mai so ya ɗauka. Magana uku nake tafe da su, ta ukun kuwa ita ce ta hana ni barci.

Ta farko, abin da ke faruwa a gida. Yau mako goma sha ɗaya ke nan da aka garƙame ƙofar sakatariyar jiharmu. Ba yaƙi aka yi ba, ba ambaliya aka yi ba, ba 'yan adawa ne suka ƙwace mulki ba. Gwamna da mataimakinsa, waɗanda muka ga hotonsu a fasta ɗaya suna murmushi, su ne suka raba gari. 'Yan majalisarmu ashirin da huɗu, dukkansu 'yan jam'iyya ɗaya, suka rabu sha uku da sha ɗaya, kowane gungu ya naɗa nasa kakakin, sandar majalisa kuwa har yau ba a san a bayan motar wa take ba. Ba a zauna ba, balle a amince da kasafin kuɗi. Ma'aikata suka gaji da jira, ƙungiyar ƙwadago ta kawo sarƙa ta ɗaure ƙofa. Tun daga ranar babu fayil ɗin da ya motsa, babu hatimin da aka buga a ofis, babu wanda ya ɗaga wayar gwamnati.

Su wa suka ji a jikinsu? Malamin da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, takardar ritayarsa na kulle a durowa. Matar da ta goya jariri ta taka zuwa asibitin unguwa domin rigakafi, ta tarar da maigadi kaɗai. Ɗaliban da suka rubuta jarrabawa, takardunsu na cikin buhu a ɗakin da aka rufe. Masu rigimar kuwa ko a jikinsu. Yau suna Abuja wajen sulhu, gobe suna nan London wajen abin da suke kira tuntuɓa, mu kuma muna rige-rigen zuwa filin jirgi mu ɗaukar musu jaka.

Kun ga sakamakon. A zaɓen cike gurbin watan jiya, a mazaɓar da jam'iyyar ba ta taɓa faɗuwa ba, mutumin da ko fasta bai buga ba ya kayar da ita warwas. Ɓangaren gwamna ya ce mutanen mataimaki ne suka yi zagon ƙasa, ɓangaren mataimaki ya ce gwamna ne ya tsayar da wanda ba a so. Babu wanda ya ce talaka ne ya gaji. Ni ina faɗa a nan, talaka ne ya gaji, kuma ya yi daidai.

Magana ta biyu, abin da muka yi wa kanmu a nan. Wannan ƙungiya ba jam'iyya ce ta kafa ta ba. Dakta Obadiah yana zaune, ku tambaye shi. An kafa ta ne ranar da wani ɗan jiharmu ya rasu a ɗakinsa a Stratford aka rasa masu yi masa sutura. An kafa ta domin a tarbi ɗalibi a filin jirgi, a ba shi rigar sanyi, a nuna masa inda ake sayar da naman halal. An kafa ta domin Musulminmu da Kiristanmu su san ƙofar juna. To, ku dubi zamanmu na yau. Kujeru a dama, kujeru a hagu, a tsakiya fili kamar za a shigo da mota. Guruf ɗinmu na waya ɗaya ya zama uku. An yi suna a gidan ɗayanmu, rabinmu suka ce suna da shifta a wurin aiki, alhali na ga motocinsu a ƙofar gidan abinci. Mutumin da ya shekara takwas bai je gida ba, wanda ko katin zaɓe ba shi da shi, shi ne yake tayar da jijiyar wuya a kan kakakin majalisar da bai san da zamansa a duniya ba. Wallahi abin ya isa a ji kunya.

Da a nan ya tsaya, da na karanta muku rahotona na zauna. Amma bai tsaya a nan ba, shi ya kawo ni magana ta uku. Na nemi izinin wadda maganar ta shafa kafin in faɗa, kuma ta ba ni.

A layin baya, kusa da ƙofa, akwai 'yarmu Jamilatu. Ungozoma ce a babban asibitin ƙaramar hukumarsu, shekara tara tana karɓar haihuwa, sau da yawa da fitilar waya. Jiha ce ta turo ta ƙaro karatu. Ta bar 'ya'yanta biyu a hannun mahaifiyarta, shekara biyu ke nan ba ta gan su ba sai a waya. Saura mata wata huɗu ta kammala aikin koyo a asibiti ta karɓi shaidarta, amma bizarta za ta ƙare nan da kwana tara. Tunda gwamnati ce ta turo ta, jami'arta ta ce sai ta kawo takardar amincewa daga hukumar da ta ɗauki nauyinta, sannan za ta ba ta abin da za ta nemi ƙarin wa'adi da shi. Takarda ce mai layi biyar. A lokacin zaman lafiya, aikin yini ɗaya ne.

Ofishin yana kulle. Amma Allah bai hana jiharmu mutanen kirki ba. Sakatariyar hukumar, Malama Fausia, ma'aikaciyar gwamnati ce ba 'yar siyasa ba, kuma ranar da aka zo rufe ƙofa ta jefa hatimin ofis a jakarta ta tafi da shi gida, domin ta san akwai ɗalibai a waje. A kan teburin cin abincinta ta rubuta takardar, ta sa hannu, ta buga hatimi. Aka rasa mai kawowa, sai aka dace Alhaji Jamaldeen yana gida zai dawo. Ya karɓo ta, kuma wannan alheri ne, ba zan hana shi ladansa ba.

Amma Alhaji, ka yi haƙuri, gaskiya ɗaya ce. Ka sauka ranar Lahadi, ba ka miƙa takardar ba sai Alhamis, domin kana jiran ranar da mutanenka za su taru a ɗauki hoto. Ka sa babban yatsanka a kan sunan mai ita, ka ɗauki hoton hatimin, ka watsa a guruf da rubutu a ƙasa cewa ga shaida gwamnatin mai girma gwamna tana aiki. Takardar baiwar Allah ta zama tutar kamfe.

Mutanen hagu suka gani, ransu ya ɓaci, kuma ni ina cikinsu, ba zan ɓoye ba. Aka taru a gidan Injiniya Affan bayan la'asar, aka sha shayi, aka yi ta kumfar baki. Sai wani ya ce a rubuta takardar ƙorafi. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan al'ada. In an ɓata maka rai, sai ka rubuta ƙorafi, ka jera manyan kalmomi, ka aika kwafi ga duk ofishin da ka san adireshinsa. Kuma kowa ya san babu mai karantawa. Masinja zai karɓa, a sa a fayil, a ɗora wani fayil a kai, wanda aka kai ƙara ya ji labari ya rubuta nasa, a haɗu a ɗaurin aure a gaisa. A wurinmu ƙorafi huce haushi ne kawai.

Aka ce wa zai rubuta? Duk ido ya dawo kaina. Kun san ni, in council, wato ƙaramar hukumar nan, ta aiko wa ɗayanku wasiƙar da ba ya ganewa, ko makarantar yara ta kira shi, ƙofata yake bugawa. Na ji daɗin yabon, na ɗauki takarda mai tambarin ƙungiya, na zuba Turanci. Na rubuta cewa duk takardar da ta fito da sunan gwamnatin jiharmu tun ranar da aka rufe sakatariya ba ta da inganci, cewa hatimin yana hannun da ba a sani ba, cewa a yi hattara. Injiniya ya sa hannu a matsayin shugaba, na sa a matsayin sakatare, muka aika wa kowace jami'ar da muka san akwai ɗan jiharmu a cikinta. Ban tambayi sunan da ke ƙarƙashin yatsan Alhaji ba. Babu ɗayanmu da ya tambaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi wannan kuskure. Shekara goma sha tara nake aiki a sashen karɓar koke na council. Na san yadda ake yi a ƙasar nan. Ranar da ƙorafi ya iso ake ba shi lamba, a ɗora wa wani alhakin bincike, a dakatar da duk abin da ya shafa har sai an gama. A nan ana karantawa. A nan ana yarda cewa mutum ba zai sa hannu a kan takarda mai tambari ba sai yana nufin abin da ya rubuta. Da safe ina ba koken mutane lamba, da yamma na rubuta nawa kamar ina cikin sakatariyar jiha.

Mutanen dama da suka ji, su ma ba su tsaya tambaya ba. Suka ɗauki takarda mai tambari iri ɗaya suka rubuta wa jami'o'in nan cewa Affan da Lawal ba su ne shugabannin ƙungiya ba, 'yan ta-more ne, kada a kula duk abin da za su sake aikowa. Alhaji Jamaldeen ya sa hannu. Jami'ar Jamilatu ta wayi gari da wasiƙu biyu, tambari ɗaya, kowacce na cewa ɗayar ta jabu ce. Ta yi abin da kowane ofishi mai hankali zai yi, ta dakatar da komai. Ba ni da bakin zarginta.

Ranar Talatar da ta wuce Jamilatu ta kira ni. Ta ce an ce mata ni ne mai iya rubuta wasiƙa, tana roƙon in taimake ta. Muka haɗu a wani shagon shayi kusa da tashar Stratford, ta fito daga asibiti ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta miƙo min kwafin ƙorafin da jami'a ta ba ta, an shafe sunayen masu sa hannu da baƙin tawada kamar yadda suke yi. Na karanta layin farko na gane hannuna. Har kalmar da na duba a ƙamus don ta ƙara nauyi tana nan.

Ta ce, “Baba, ka ga wanda ya rubuta wannan ya iya Turanci sosai, shi ya sa na zo wurinka, kai kaɗai za ka iya ba shi amsa. Ni ban san shi ba, ban taɓa yi masa komai ba. Allah Ya isa tsakanina da shi.”

Jama'a, shekarata sittin da ɗaya. An taɓa zagina a bas, an taɓa korata daga aiki, amma ban taɓa jin abin da na ji a kan kujerar nan ba. Kuma ga abin kunyar, ban faɗa mata ba. Na ninke takardar na ce zan duba, na biya kuɗin shayi na gudu.

Washegari na kira ofishin ɗalibai na jami'ar na ce ni ne marubucin, na janye. Matar da ke riƙe da fayil ɗin ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce akwai wasiƙa a gabanta da ke cewa kada a kula duk abin da zan aiko. Kun ga inda muka kai kanmu. Na hagu sun kashe takardar, na dama sun toshe hanyar gyara. Ta ce mafita ɗaya ce: a kawo wasiƙa guda, mai ɗauke da sa hannun duk waɗanda suka rubuta biyun farko, a janye su duka, a tabbatar cewa Malama Fausia ita ce sakatariyar hukumar tun kafin rigima. In ta iso kafin sha biyun ranar Litinin, za su sake duba maganar a kan lokaci. In ta wuce, sai dai Jamilatu ta haɗa kayanta.

Ranar Alhamis na yi ƙarfin hali na je na same ta, da Hajiya Rashidatu a matsayin shaida, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Baba, kai ne ka tarbe ni a filin jirgi. Rigar sanyin da ka ba ni tana nan.” Na ce ta yafe min. Ta ce, “Ban janye Allah Ya isan ba tukuna, Baba. Sai na ga Litinin.”

To, ga wasiƙar. Layi bakwai ce, babu babbar kalma ko ɗaya a ciki, ita ce mafi sauƙin abin da na taɓa rubutawa. Ba ta ce gwamna ne mai gaskiya ba, ba ta ce mataimaki ne ba. Ba ta ce wane ne shugaban ƙungiya ba, domin babu muƙami a gaban sunan kowa, sunan da ubanka ya raɗa maka kawai. Na san kowannenku yana tsoron a ɗauki hoto a aika gida a ce ya miƙa wuya. Ina tambayarku, Alhaji, Injiniya, wanne daga cikin iyayen gidanku na siyasa ne zai karɓi haihuwa a ƙauyen Jamilatu? In matar ƙanenku ta durƙusa a asibitin nan, kakakin sha uku za a kira ko kakakin sha ɗaya? Su can za su shirya, kun sani na sani. Wata rana za mu ga hotonsu suna rungume da juna, a ce an yi sulhu, a raba kujeru. Ita kuma shekara biyunta wa zai mayar mata?

Ba mu da ikon buɗe sakatariya daga Tottenham. Ba mu da ikon nemo sandar majalisa. Amma wannan ɓarnar a nan aka yi ta, da tambarinmu, da hannunmu, kuma a nan za a gyara ta. Na riga na sa hannuna, ga shi a layin farko. Ga biro a kan teburin shugaban taro, daidai tsakiya, babu wanda zai ce ya taka zuwa ɓangaren wani. Hajiya Rashidatu kuma ta ce in sanar da ku, kuma kun san ba ta wasa, cewa murfin kulolin can ba zai ɗagu ba sai ta ga tawada a layi na biyu da na uku.

Daga yau na ajiye rubuta wa kowane ɓangare ko da kalma ɗaya. Mai wasiƙar council ya zo, ƙofata a buɗe take. Mai ƙorafin siyasa ya nemi wani.

Ya Allah, Ka buɗe ƙofofin da aka rufe a jiharmu. Ya Allah, Ka ji ƙan ma'aikacin da ke zaune a gida, da majinyacin da ya tarar da asibiti a kulle. Ka shiryi shugabanninmu, in ba masu shiryuwa ba ne Ka musanya mana da waɗanda suka fi su. Ka saka wa Malama Fausia da alheri, Ka yi wa Malam Muniru da jama'arsa albarka. Ka raya mana 'ya'yanmu, kada Ka sa su gaji wannan hali daga gare mu. Ka mayar da kowa gidansa lafiya. Ya Allah, Ka tausasa zukatan bayinKa biyu da ke zaune a damana da haguna, Ka nuna wa Jamilatu ranar da za ta riƙe shaidarta ta koma ga 'ya'yanta. Ni kuma, ya Ubangiji, akwai ƙarar da aka shigar da ni a gabanKa tun ranar Talata, kuma na san a wurinKa ba a ɗora fayil a kan fayil. Ka ba ni ikon kai wannan takarda kafin sha biyun Litinin.

Alhaji Jamaldeen, Injiniya Affan, ga biro nan. Ina tsaye, ba zan zauna ba.

Na gode.